Wa ke sa ido kan masu haska mana ƙwallo?

Malam Nasiru
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wani ɓangare na aikin jarida da kusan babu shi a wajenmu, wato ɗan jaridar da ba 'yan wasa yake bi ba, tashoshi da kamfanonin da ke nuna wasan yake sa wa ido. Ku tuna farkon Janairun 2024. Saura kwana goma a fara Kofin Afirka a Kwaddibuwa, MultiChoice, kamfanin da ke da DStv, ta fito ta ce tasharta ta wasanni SuperSport ba za ta nuna gasar ba. Hankalin masu gidajen kallo ya tashi. Ana saura 'yan kwanaki a take wasan farko na ranar 13 ga wata, sai kamfanin ya dawo ya ce an daidaita. Yawancin kafafenmu sun kawo labarin sau biyu, "ba za a nuna ba" da "za a nuna", daga nan suka wuce. Alhali asalin labarin ya faru makonni kafin nan, lokacin da CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ta ba New World TV, wani kamfani na Lome a ƙasar Togo, haƙƙin nuna gasar a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Wanda ya san harkar, da ganin wannan sanarwa ya san SuperSport sai ta je ta saya a hannun New World, kuma ya san za a ja ciniki har zuwa ƙurewar lokaci. Da akwai mai bin wannan fanni a cikinmu, da tun Disamba an faɗa wa masu gidan kallo abin da ke tafe.

Hajiya Rabi
Wa alaikumus salam Malam. Matsalar tana farawa ne daga yadda muke karɓar sanarwar kwantiragi. A kira taron manema labarai, a faɗi adadi mai ƙiba, a ɗauki hoton musabaha, kowa ya ruga ya rubuta adadin a kanun labari. Adadin nan shi ne abu mafi ƙarancin amfani in ba a san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Abin da ya kamata a tambaya tun a zauren: shekara nawa ce, kuma nawa ne na kowace kakar wasa? Da wane kuɗi za a biya, dala ko naira? Kashi nawa, a waɗanne ranaku? Akwai garantin banki, kuma wane banki ne ya tsaya? Haƙƙin na tashar biya ce kawai, ko ya haɗa da tashar kyauta da rediyo da intanet da gutsuren bidiyon da ake sakawa a Facebook? Na kamfani ɗaya ne shi kaɗai, ko yana da damar ya sara ya sayar wa wasu? Sai kuma tambayar da aka fi mantawa da ita: wa zai biya kuɗin ɗaukar wasan? Domin kai motar watsa shiri filin wasa, da kyamarori, da ma'aikata, da janareto, da layin da zai kai hoton sama, duk kuɗi ne, kuma kowane mako ne. In kwantiragin ya ce za a cire wannan daga cikin adadin da aka faɗa, to abin da zai isa hannun kulob-kulob ya ragu ƙwarai.

Misali na kusa: a Nuwamban 2023 hukumar gasar Firimiyar Najeriya ta sa hannu da StarTimes, shekara biyar, naira biliyan ɗaya da 'yan kai a kakar farko. Labarin da ya dace a bi bayan haka shi ne wasa nawa aka nuna cikin wasa goma na kowane mako, filayen waɗanne jihohi kyamara ta je, kuma nawa ya shiga asusun kowane kulob. Wannan aiki ne na ƙirga da biro da takarda, ba ya buƙatar wata majiya ta sirri.

Baban Khalifa
Hajiya, kan garantin banki da kika ambata, HiTV, wata tashar biya ta Najeriya, ce darasin. A 2007 ta ƙwace Firimiyar Ingila a Najeriya daga hannun DStv, mutane suka yi ta sayen dikodarta. Da aka zo sabuntawa a 2010 ta kasa kawo garantin banki a kan lokaci, haƙƙin ya koma SuperSport, ba a jima ba kamfanin ya durƙushe. Tashar Kwesé ta kamfanin sadarwa na Econet ma ta shigo da ƙarfi, ta sayi wasanni masu tsada, kafin ƙarshen 2019 ta rufe. Salon duk ɗaya ne: ka ɗauki alkawarin biyan dala, kana tara kuɗin gida daga masu biyan wata. Duk lokacin da sabon kamfani ya ci haƙƙin babbar gasa, tambayar farko ita ce mutum nawa ke biyansa a wata, kuma nawa suke biya. In aka ninka biyun nan bai kai abin da ya yi alkawari ba, to ko dai akwai mai zuba masa kuɗi a baya, ko kuma sayarwa zai yi. Kowanne daga ciki labari ne.

Sale Maradi
Gaskiya ne, kuma nan ne lissafin Najeriya da namu na Nijar ya bambanta. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ga yuro ɗaya, saboda haka kamfani irin Canal+ da ke karɓar sefa ya san abin da zai samu in ya canza. Naira kuwa, kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,400. Kamfanin da ke biyan Firimiya da Gasar Zakarun Turai da dala, in bai ƙara farashi ba, abin da yake tarawa ya koma kashi ɗaya cikin uku. Ba ina kare ƙarin kuɗin DStv ba ne. Ina cewa wanda zai soki ƙarin ya fara yin wannan lissafi, sannan ya duba ko ƙarin ya wuce faɗuwar naira ko bai kai ba. In ya tsaya a "sun sake ƙara kuɗi, Allah ya isa", mai karatu bai ƙaru da komai ba, kamfanin ma ba zai ji ko gezau ba.

Kuma takardun a buɗe suke. MultiChoice ta yi shekaru a kasuwar hannun jari ta Johannesburg, a lokacin shekarar kuɗinta tana ƙarewa 31 ga Maris, rahotonta na shekara yana faɗin yawan masu biya da abin da ta kashe wajen sayen shirye-shirye. Yanzu da Canal+ ta karɓe ta a 2025, kamfani ɗaya ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar masu Faransanci da masu Ingilishi. Wannan ya shafi mai kallo a Maradi da mai kallo a Katsina daidai wa daida, domin masu gasa wajen tayi sun ragu.

Ɗanjuma
Ni dai ina da ja. Duk kun tafi kan kwantiragi da dala, amma mai kallo ba kwantiragi yake gani ba. Abin da ke shiga kunnensa shi ne sharhi. A ganina aikin farko na mai sukar kafafen wasanni shi ne ya saurari abin da ake faɗa wa jama'a. Gidajen rediyo nawa ne ke cewa "kai tsaye daga filin wasa" alhali mai sharhin yana zaune a situdiyo gaban talabijin? Yin sharhi daga allo ba laifi ba ne, manyan tashoshin duniya ma suna yi. Laifin shi ne ɓoye wa mai sauraro. Kuma ana ganewa: mai sharhin ba ya sanin an ɗaga tuta sai kyamara ta nuna, ba ya ganin wanda ke ɗumama jiki a gefe, in hoto ya ɗauke sai ya koma ba da tarihin kulob.

Sai labaran cinikin 'yan wasa. Wani shafi a Turai ya rubuta "ana raɗe-raɗin", wani ya kwafa ya ce "rahotanni sun ce", kafin ya iso shirin safe na Hausa ya zama "ya sa hannu". Ba wanda ke komawa ranar da aka rufe kasuwa ya ƙirga labari nawa ne ya tabbata. Wannan shi ne abin da ke taɓa mutane kullum, ba Lome da Johannesburg ba.

Malam Nasiru
Ɗanjuma, ban ƙi taka ba, kuma shawarar ƙirga labaran ciniki tana da kyau: a ɗauki shiri ɗaya, a rubuta duk cinikin da ya ce "an gama" daga farkon Yuni zuwa rufe kasuwa, a kwatanta da sanarwar kulob. Amma sharhi da kwantiragi ba a raba su. Abin da mai sharhi zai iya faɗa ya danganta da wanda tasharsa ke kasuwanci da shi.

Dubi Amurka, inda wannan fanni ya fi ƙarfi. A 2013 tashar ESPN tana aiki tare da shirin Frontline na tashar PBS kan wani bincike game da raunin ƙwaƙwalwa da 'yan ƙwallon Amurka ke samu. A watan Agusta, kafin a nuna shi, ESPN ta janye sunanta. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa hukumar gasar NFL ce ta matsa mata lamba. ESPN da NFL duk sun musanta, ESPN ta ce matsalar ita ce ba ta da iko kan tace shirin. Abin da ba wanda ya musanta shi ne ESPN na da kwantiragin dala biliyan 15.2 na shekara takwas da NFL. A lokacin tashar tana da mai sa ido na cikin gida, Robert Lipsyte, wanda take biya don ya soki aikinta a fili, kuma ya yi rubutu a kan maganar. A 2018 ta soke wannan muƙami baki ɗaya. A 2025 kuma aka sanar da yarjejeniyar da za ta ba NFL kashi goma cikin ɗari na ESPN. To wanda ke sauraron sharhin tashar bai san wannan ba, ta yaya zai auna abin da aka faɗa da abin da aka yi shiru a kai?

Shi ya sa can suke da 'yan jarida irin su Richard Deitsch da Andrew Marchand da John Ourand, waɗanda abin da suka sa a gaba ke nan: wa ya sayi me, nawa, wa aka ɗauka, wa aka sallama, me ya sa.

Maman Ilham
Malam, su ma ɗin ba su tsira ba. Wanda ke samun labarin albashin masu sharhi yawanci daga wakilansu yake samu, ko daga shugabannin tashar, kuma duk mai ba ka labari yana da abin da yake so. Wakili zai tsegunta maka cewa wata tasha na zawarcin mutuminsa don farashinsa ya tashi. In ka buga ba ka tambayi ɗaya ɓangaren ba, an yi ciniki da alƙalaminka.

Abin lura kuma, manyan tonon asirin da aka yi wa kafafen wasanni, da yawa daga waje suka zo. A Janairun 2013 shafin Deadspin ne ya gano cewa budurwar ɗan wasa Manti Te'o, wadda manyan kafafe suka yi ta ba da labarin rasuwarta, babu ita kwata-kwata. Abin da suka yi shi ne neman shaidar rasuwa da sanarwar jana'iza, suka rasa. A Nuwamban 2023 shafin Futurism ya gano marubutan bogi a shafin mujallar Sports Illustrated, bayan ya ga hotunan fuskokinsu a wani shafi da ke sayar da fuskokin da kwamfuta ta ƙirƙira. Duka biyun ba kuɗi suka ci ba, tambaya ce mai sauƙi da na ciki ba su yi ba.

Ina so in ƙara maganar yawan masu kallo, domin a nan ne ake yi mana wasa da hankali kowace gasa. Alƙaluma iri biyu ne. Na farko ya ƙirga duk wanda ya leƙa ko da na minti ɗaya ne. Na biyu matsakaicin mutanen da ke gaban allo ne a kowane minti na wasan. FIFA da kanta ta fitar da duka biyun kan wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2018 tsakanin Faransa da Kuroshiya: biliyan 1.12 a lissafin farko, miliyan 517 a na biyu. Wasa ɗaya, bambancin ya fi ninki biyu. Akwai kuma na uku da ya fi ɓatarwa, inda ake tara masu kallon duk wasannin gasar, mutum ɗaya da ya kalli wasa ashirin a ƙirga shi sau ashirin. Saboda haka in aka ce "mutum biliyan kaza sun kalli gasa", a tambaya: wanne lissafi ne, wa ya auna, a ƙasa nawa aka auna da na'ura, a ƙasa nawa aka yi kintace?

Sale Maradi
Kuma a yankinmu kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen. Dikoda ɗaya a gidan kallo tana iya tara mutum ɗari ko fiye, amma a littafin kamfani mai biya ɗaya ne. Ko a Amurka sai a 2020 kamfanin Nielsen ya fara haɗa masu kallo a wajen gida cikin babban lissafinsa. Ma'ana mai talla bai san yawan idon da ke ganin hajarsa a Kano ko Damagaram ba, gasar cikin gida kuma tana sayar da haƙƙinta ba tare da hujjar da za ta ɗaga farashi ba.

Baban Khalifa
Mu koma kan CAF kaɗan, don abin da ya faru a 2024 yana da tushe. A zamanin Issa Hayatou, CAF ta ba kamfanin Lagardère na Faransa dillancin haƙƙin talabijin da tallace-tallacen gasanninta na shekara 12, daga 2017 zuwa 2028, kan dala biliyan ɗaya. Ba a buɗe tayi ga kowa ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Masar, inda hedkwatar CAF take, ta ce an saɓa doka. A Nuwamban 2018 wata kotu a Alƙahira ta ci Hayatou da tsohon babban sakatare Hicham El Amrani tarar fam miliyan 500 na Masar kowannensu. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta COMESA, ƙungiyar kasuwanci ta ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, ita ma ta binciki kwantiragin. A Nuwamban 2019 CAF ta soke shi, nan take SuperSport ta daina nuna wasannin CAF, domin da Lagardère ta ƙulla, ba da CAF ba. Wasannin neman gurbin Kofin Afirka suka wuce mutane da yawa ba su gani ba.

Abin da nake so a ɗauka a nan shi ne sarƙar. Mai gasa ya ba dillali, dillali ya ba tashar biya, wani lokaci ita ko dillalin su ba tashar gwamnati. In mahaɗa ɗaya ta tsinke, duk na ƙasa da ita sun faɗi. Ɗan jarida ya zana wannan sarƙar a takarda ga kowace gasa, da ranar ƙarewar kowane kwantiragi. Shekara guda kafin ranar nan labari yake fara motsi.

Alhaji Tanko Nima
Sannunku da ƙoƙari. Daga Gana ga ƙari kan maganar Hajiya. A 2016 hukumar ƙwallon Gana ta sanar da kwantiragin shekara goma da StarTimes, kusan dala miliyan 18, har da alkawarin gina filaye. Sai binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas kan cin hanci a ƙwallon Gana ya fito a Yunin 2018, shugaban hukumar Kwesi Nyantakyi ya sauka, aka dakatar da gasa. Da aka dawo, a farkon 2020 aka sa hannu kan sabo da kamfanin nan dai, shekara biyar, dala miliyan 5.25. Wanda ya riƙe adadin farko a kansa bai san an sake lale ba. Duk inda aka ce "har da filaye" ko "har da kayan aiki", a raba tsabar kuɗi da alkawarin kaya, a kuma tambayi wa ya ƙiyasta darajar kayan.

Sannan kada mu manta aikin yana da haɗari. Ahmed Hussein-Suale, wanda ya yi aiki a wancan bincike, an harbe shi a Madina, cikin Akkara, ranar 16 ga Janairun 2019. Duk wanda zai taɓa kuɗin ƙwallo, edita ya san inda yake, takardu su kasance a hannu fiye da ɗaya, kuma lauya ya karanta kafin a buga.

Ɗanjuma
Allah ya jiƙansa. Alhaji, tunda an zo kan kuɗi, akwai wanda ba mu ambata ba: caca. Ku saurari shirin wasanni na awa ɗaya ku ƙirga sau nawa aka ambaci kamfanin caca, sau nawa mai gabatarwa da bakinsa ya ce "wannan wasan tabbas ne". Nan ma sharhi ne, kuma matasa ne ke kwasa.

Hajiya Rabi
A nan kam na bi bayanka, Ɗanjuma, kuma nan ne taka da ta Malam Nasiru suka haɗu. MultiChoice ta mallaki kashi 49 cikin ɗari na kamfanin da ke da BetKing, wato kamfanin caca, tun 2021. Kunle Soname, shugaban Bet9ja, shi ne mai Remo Stars da ta ci Firimiyar Najeriya a kakar 2024/25. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, abubuwa ne da ke a fili kuma doka ba ta hana ba. Amma haƙƙin mai karatu ne a faɗa masa a duk labarin da ya shafa. Ƙa'idar da zan so gidajen rediyonmu su ɗauka: talla ta zo da muryar da ba ta mai gabatarwa ba, a ce talla ce, kuma mai sharhi kada ya ba da "tabbas". Ga kuma fuskar doka. A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, a Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca ta jihohi ce, ba ta tarayya ba. To tashar da ke Legas tana watsa tallar caca zuwa wayar yaro a Fagge, dokar wace jiha ce ke aiki? Ban ga an bi wannan tambaya yadda ya kamata ba.

Maman Ilham
Saura tambaya mai wuya, Hajiya: wa zai biya mai wannan aiki? Wakilin da kulob ke ɗauka a motarsa zuwa wasan waje, ya ba shi masauki, ya ba shi kuɗin mota bayan taro, ba zai rubuta cewa tashar da kulob ɗin ke hulɗa da ita ba ta biya ba. Kuma zai yi wuya ɗan ƙungiyar marubuta labarin wasanni ta Najeriya, SWAN, ya soki shirin abokinsa da za su haɗu a ɗakin manema labarai ranar Lahadi. A ganina mai wannan fanni bai kamata ya fito daga teburin wasanni ba. A ɗauko shi daga teburin kasuwanci, wanda ya saba karanta rahoton kuɗi kuma ba ya buƙatar katin shiga fili.

Baban Khalifa
Ban yarda gaba ɗaya ba, Maman Ilham. Na teburin kasuwanci zai karanta adadi, amma ba zai gane cewa an mayar da wasa daga ƙarfe huɗu zuwa wani lokaci don talabijin ba, ko cewa kyamara uku ba za ta iya nuna satar gida ba. A haɗa su biyu, sunan duka biyun a kan labarin, kuma gidan jaridar ya biya kuɗin tafiya. In bai iya ba, a rubuta a ƙasan labarin wanda ya biya.

Malam Nasiru
Haɗin ya yi. Ga abin da za a iya farawa da shi ba tare da kasafi ba. Yawancin kulob-kulob ɗin Firimiyarmu na gwamnatocin jihohi ne, irin su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors, saboda haka kuɗin talabijin da ya shiga hannunsu kuɗin jama'a ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. A rubuta wa ma'aikatar wasanni ta jiha, kada a ce "muna neman bayani kan kuɗin talabijin", don za a ba ka amsa ta baki. A nemi takarda takamaimai: shaidar duk kuɗin da ya shigo daga hukumar gasa a kaka kaza, da ranar shigarsa, da asusun da ya shiga. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, a riƙe. A rana guda a tura tambayoyi iri ɗaya ga hukumar gasa da tashar, a ba su wa'adi a rubuce. In adadin ukun bai zo ɗaya ba, an samu labari. In kamfanin da aka ba dillanci sabon suna ne, a bincika shi a rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a ga ranar da aka yi masa rajista da sunayen daraktocinsa.

Hajiya Rabi
A ƙara da kakar da ta gabata a cikin wasiƙar, Malam, ba ta bana kaɗai ba. Kashin ƙarshe na kuɗin talabijin yakan makara ya faɗa cikin shekarar kuɗi ta gaba, in ka nemi kaka ɗaya za a nuna maka rabi a ce sauran yana hanya.